Rufin Ɗakin Inna

Markar bana ta gajiyar da ni. Kwana da kwanaki rana ba ta leƙo Samaru ba, wanki ya ƙi bushewa, gishiri ya narke a gwangwani, ga wata ƙusa guda a rufin ɗakina da ta ga dama ta fara yoyo daidai kan kujerar da nake zama. Na ce wa jikokina a miƙo mini roba in tara, suka ce bari su gama abin da suke kallo a waya. Na lallaɓa da gwiwar nan tawa na ɗauko da kaina. Ɗigon farko na faɗawa cikin robar na gane wannan sautin. Da shi na yi azumi kusan guda ina 'yar shekara goma sha shida.

A Bomo muke a lokacin, tsakiyar shekarun saba'in. Baba manomi ne, da rani kuma yana leburanci a gonar gwaji ta Samaru. Ni ce 'yar fari, saboda haka Inna ba ta kama sunana, sai dai ta ce "ke" ko "'yar nan". Baba kuwa Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ina aji uku a sakandare, abin da matan unguwa ke gani kamar an yi asarar 'yar talla.

Tsohuwar bukkar Inna ta tsage ta rushe, sai Baba ya ce ba zai ƙara yi mata bukka ba. Ɗaki zai gina mata mai kusurwa huɗu, da rufin kwano, irin na ma'aikatan jami'a. A gaban mutane ya faɗa, a zaure, kuma shi ba mutum ne mai yawan alkawari ba. Da hannunsa ya kwaɓa ƙasa ya yi tubali. Da gini ya kai, ya ɗauko wani kafinta daga Sabon Gari, Bayarabe, Oga Samuel, ya ɗora katakon rufi. Saura kwano, shi kuma sai an sayar da gyaɗa.

Gyaɗar ce ta kuturce. Ba mu kaɗai ba, duk ƙasar. Ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, ka tuge tushen ka tarar da 'yan kwanso babu komai a ciki. Ga shi dama ba mu gama farfaɗowa daga farin nan ba. Haka katakon ya ci rani a tsirara yana kallon sama. Da hadarin bazara ya fara haɗuwa, Baba ya yanta shuci ya baibaye a kan katakon nan yadda yake.

"Na wucin gadi ne," ya ce. "Bayan kaka kwano zai hau."

Inna ta ce Allah ya nuna mana. Ta shafe daɓe, ta yi jerenta a jikin bango, langa kan langa, fanteka kan fanteka, da tasoshin da ta zo da su tun aurenta. Ta tare.

A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar marka. Wanda bai yi azumin marka da rumbu a ƙasa ba, bai san gajiya ba. Ba ƙishirwa ce ke damunka ba, don gari a lumshe yake. Yunwa ce mai sanyi, wadda ke zama a gwiwa da ƙugu. Gero bai nuna ba, dawa ko ciki ba ta yi ba, abin da ya rage a rumbu kuwa Baba ne kaɗai ke hawa ya ɗebo, kuma kullum abin da yake saukowa da shi raguwa yake. Da safe ya saɓa garma ya tafi huɗa, laka na kama masa ƙafa. Ni in ɗebo ruwa, in shiga bayan gari tsinkar tafasa da rama, in dawo in tarar da itace jiƙe. Hura wuta kaɗai aiki ne, ka yi ta busa har idonka ya yi ja, hayaƙi ya cika tsohuwar jinkar da muke kwana ni da ƙannena, don nan ake girki in ana ruwa. Buɗa baki kunun tsamiya ne tsararo, sai fate wanda yakuwa ta fi tsakin yawa. Ana tsokanarmu Zazzagawa da son fate, to a waccan shekarar mun sha shi har ya fita ranmu. Ƙosai kuwa sai dai mu ji ƙanshinsa daga gidan da 'yan jami'a ke haya.

Duk wannan da sauƙi a kan ɗakin Inna. Ruwan farko-farko shucin ya riƙe. Da marka ta zauna sai ya sha ya ƙoshi, ya yi nauyi, ya fara saki. Ba wuri guda yake yoyo ba balle a toshe, ko'ina ne. Inna ta sauke langa guda ta tara. Washegari biyu. Kafin a yi nisa jeren nan kaf ya dawo ƙasa, bango ya zama wayam, kana shiga sai ka yi ta tsallake tasoshi. Ta ja gadonta nan, ta mayar can, babu inda ɗigo bai same ta ba. Tabarma ta yi funfuna, zannuwanta suka ɗauki wari. Barci ya gagare ta, don in tasa ta cika sai an tashi an zubar. Sai tari ya kama ta, irin mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, kuma ta ƙi ajiye azumi.

Na ce ta dawo jinkarmu. Ta ce hayaƙi zai ƙarasa ta. Na ce to ɗakin Baba. Ta dube ni kamar na yi saɓo.

"Ke, in bar ɗakin da aka gina mini, unguwa ta ce me? Ta ce Malam ya kasa?"

Na ji haushinta, wallahi na ji. Tana tari har tana riƙe bango, amma abin da unguwa za ta ce ne ya dame ta.

Muna hutun ƙarshen shekara a lokacin. Malaminmu na lissafi, wani Ba'indiye mai son ba da aiki kamar an aiko shi, ya ce kowa ya nemo alwatika uku a gidansu, masu kusurwa guda a tsaye cak kamar inda bango ya haɗu da ƙasa. A auna gefunan uku, a fitar da sayin da kos da tan. Sunayen gefunan da Turanci sun sha ba ni wuya, sai na raɗa musu nawa: mai tsaye, mai kwance, da mai jingine, wato dogon. Tan shi ne mai tsaye bisa mai kwance. Sayin, mai tsaye bisa mai jingine. Kos, mai kwance bisa mai jingine. Ban san amfaninsu ba, kuma ban damu in sani ba. So nake in gama in huta.

Na fara da tsanin da ke jingine da rumbu, wannan ba wuya. Na biyu na ɗauki jinkarmu. Daga bango zuwa tsakiyar ɗaki taƙi takwas da hannuna. Na sa dogon kara na zunguri ƙololuwa, na cire tsayin bango, ya rage taƙi takwas shi ma. Takwas bisa takwas, tan ɗaya ke nan, digiri arba'in da biyar. Na uku sai na shiga ɗakin Inna, na kifa turmi na hau, da igiya a hannu.

"Me kuma kike nema a sama?" ta ce daga kan gado.

"Aikin makaranta ne, Inna."

"Makarantar ce ta ce mace ta hau turmi? To ki sauko a hankali, kar ki zubar mini da ruwan tasa."

Katakon a fili yake daga ciki. Daga bango zuwa tsakiya, taƙi goma sha biyu. Ɗan gajeren da ke tsaye a tsakiya, biyar. Wanda ya jingina daga bango zuwa ƙololuwa, goma sha uku. Na zauna a bakin ƙofa na raba. Tan biyar bisa sha biyu, ko rabi bai kai ba. Na duba littafin teburin lissafi, digiri ashirin da biyu da ɗan wani abu. Sayin ɗin ne ya tsayar da ni. A jinkarmu, in ruwa ya yi tafiyar taƙi goma a kan ciyawa, ya sauka bakwai. A ɗakin Inna ko huɗu bai sauka ba. Can gudu yake, nan kuwa tafiyar hawainiya yake, yana samun lokacin da zai nutse. Na ɗaga kai na dubi tsohuwar jinkar nan baƙa ƙirin, wadda ko ɗigo ba ta taɓa yi ba, na dubi sabon ɗakin. Ranar na fara ganin lissafi ya fito daga takarda.

Ban iya haƙuri ba, ban taɓa iyawa ba. Baba na dawowa daga gona, ko garma bai ajiye ba, na tare shi da takarda. Na zuba masa sha biyu da biyar da sha uku, na ce rufin ya kwanta da yawa, ciyawa ba za ta taɓa riƙe ruwa a haka ba ko an ninka ta.

Ya saurare ni har na gama, laka na bushewa a ƙaurinsa.

"Uwata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na ce miki na wucin gadi ne."

Ya wuce ya yi alwala. Washegari da rana ta ɗan buɗe ya hau ya ƙara ciyawa a inda ya fi zuba. Ruwa na dawowa abin ya ƙaru, don nauyi ya sa tsakiyar ta lotsa.

Ana nan sai Inna ta aike ni Sabon Gari in sayo kananzir da garin kwaki, in biya kemis a ba ta maganin tari. Na shiga motar haya daga Samaru, na sauka cikin taɓo har idon sawu. Kasuwa ta cika da warin jiƙaƙƙen buhu da ƙamshin doyar da matan kudu ke soyawa, ni kuwa bakina a bushe, jiri na ɗibata. Da na gama na nemi rumfar Oga Samuel a layin 'yan katako. Na same shi yana goge allon ƙofa, fensir a bayan kunne.

"A'a, 'yar makaranta. Yaya Baba? Yaya Mama?"

Na nuna masa takardar. Ya daɗe yana dubawa, ya gyaɗa kai.

"Lissafi naki daidai ne. Wannan katako na kwano ne na yi. Kwano santsi gare shi, ko ya kwanta ruwa zai wuce. Ciyawa sai ta tashi tsaye. Na faɗa wa Baba tun ranar da ya zo ya ce zai sa ciyawa."

"Ya sani?"

"Ya fi ni sani. Shekara nawa yana yin jinka?" Ya nuna mini wani shago a tsallake, inda aka jingina bandir-bandir na kwano suna ƙyalli. "Duk zuwa da ya yi kasuwa sai ya tsaya can. Ba ya tambaya komai. Ya shafa, ya shafa, ya hau keke ya tafi."

Ni da nake ganin na gano abin da ba wanda ya gano, ashe kowa ya sani, ba dai wanda ya iya furtawa. Sauke katakon nan a wurin Baba daidai yake da ya tsaya a zaure ya ce wa jama'a kwanon ba zai zo ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba, don duk da haka Inna ce ke kwana a jiƙe.

"Ki faɗa masa," in ji Oga Samuel, "in ya yarda zan zo in cire a hankali, ko ƙusa ɗaya ba zan lanƙwasa ba. A ɗaure a ajiye a inuwa. Katako ba ya gudu. Ranar da kwano ya samu, sai mu mayar."

Da la'asar ɗin ranar ruwa ya sake tsugewa. Na tarar da Baba a ɗakin Inna, a tsugune, yana juye tasoshi cikin bokiti. Ita tana zaune a gefen gado ta lulluɓa da zane biyu, tari ya hana ta jan carbi. Na durƙusa na faɗi saƙon kafinta, wannan karon da murya ƙasa-ƙasa. Baba bai ɗago ba.

"Har Sabon Gari kika kai maganar gidana?"

"Maganin Inna na je saye."

"Kaka saura kaɗan. In gero ya yi kyau, in dawa ta yi..."

Bai ƙarasa ba, don shi ma ya san ko sun yi kyau ciki za su tafi. Inna ce ta yi magana, ita da ban taɓa jin ta sa baki a shawararsa a gabanmu ba.

"Malam, ni ban raina ɗakin nan ba, kuma ban ce ka kasa ba. Amma na gaji. Barci nake so in yi."

Ya dubi tasar da ke hannunsa. Wata langa ce mai furanni, bakinta ya fara tsatsa. Ya goge ta da gefen rigarsa ya ajiye.

"Uwata, in za a tayar da shi kamar jinka, gwangwala mai tsawon nawa za a nema?"

Dama na riga na yi lissafin, sai na zayyana masa. Mai kwance sha biyu ne, ba ya canjawa tunda bango ba zai matsa ba. In ana son tan ɗaya, mai tsaye ma sha biyu. Mai jingine zai kama kusan sha bakwai. A ƙara uku don ciyawa ta zarce bango, ashirin.

"Da wane hannun? Wannan ɗan hannun naki?"

"Rabon ba ya canjawa, Baba, ko da hannun wa aka auna. Tsawon ne sai da nawa."

"To yanko mini igiya daidai tsawon. Ni ba zan je fadama ina cewa tan ba, su ce yunwa ta taɓa ni."

Inna ta yi dariya, dariyar ta koma tari.

Ya sha yawo kafin ya haɗa gwangwalar, wasu a fadama, wasu a wurin maƙwabta. Sannan aka zauna jiran rana. Ranar da gari ya waye tas, ya kira gayya. Maza suka bar huɗarsu suka zo, kowa da azumi a bakinsa, ba kiɗa ba waƙa, ba kuma abincin gayya, sai dai Allah ya ba da lada. Oga Samuel ya iso a kan keke da guduma, ya hau ya zare ƙusoshinsa ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a aljihu. In ƙishirwa ta kama shi sai ya zaga bayan katanga ya sha ruwa, don kar a gani. Da aka fara sauko da katakon, Baba ya juya baya ya kama gyaran igiyar da ba abin da ya same ta. Wani dattijo ya ce ai ajiya maganin wata rana.

Rana ta buɗe da zafin nan mai tururi na bayan ruwa. Mutane na ɗaure tanka, a yi kaɗan a sauko a zauna a inuwa, a zuba ruwa a ka. Mu mata muna warware tsohon shucin muna shanyawa, muna ware ruɓaɓɓe. Rabi ya tafi juji. A nan wata matsalar ta fito, wadda da na yi tunani da na gan ta a takardata. Rufin da ya tashi daga sha uku zuwa sha bakwai ya fi cin ciyawa, mu kuwa tamu raguwa ta yi. Busasshen shuci a tsakiyar marka kuwa ko da kuɗinka sai an sha wuya. Wannan ya kawo dami, wancan ya kawo rabi, aka baibaye gefe guda da rabin ɗayan, ciyawa ta ƙare. Ga la'asar ta yi, ga gabas ta fara haɗe rai.

Baba ya ɗauki tsani ya jingina a jikin ɗakinsa. Bara ya sake masa baibaya, shucin na nan da kyansa. Ya hau ya fara kwancewa yana jefowa ƙasa.

"Malam, kai kuma fa?" wani ya tambaya.

"Zaure na nan."

Da shi aka rufe sauran. Aka toshe alwatika biyun da suka buɗe a gefunan ɗakin da zana, aka ɗaure ƙololuwa. Mutane suka watse suna jan ƙafa, ko sallamar kirki ba a iya yi ba. Na share ɗakin, na shimfiɗa wa Inna busasshiyar tabarma da aka aro, ta shiga ta kwanta tana kallon sama. Rufin ya yi nisa, ɗakin ya zama kamar ba shi ba.

Ana saura kaɗan a sha ruwa hadarin ya sauko, da iska da komai. Na tsaya a tsakiyar ɗakin na buɗe tafin hannu ina jira. Ina jin ruwa na gudu a kan ciyawa, yana zuba a waje shaa, amma ko ɗigo bai taɓa ni ba. Tasoshin na jere a ƙasa inda muka tara su don ko-ta-kwana, babu wadda ta yi ƙara. Na juya in gaya wa Inna, na tarar ta yi barci, baki a ɗan buɗe, hannu guda ya zubo daga gado.

Aka kira magariba. Na zubo kununta na kawo. Baba ya shigo jiƙe sharkaf, don ya tsaya kwashe 'yan kayansa daga ɗakin da yanzu ba shi da rufi. Ya dube ta. Shirun ya yi masa yawa, na ga tsoro a fuskarsa ƙarara. Ya sunkuya ya kai bayan hannunsa kusa da hancinta, ya tsaya har ya ji numfashi. Sannan ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu.

"In tashe ta ta sha ruwa?" na ce.

"Bar ta, Uwata. Rufe kunun ki ajiye mata."

Ya ɗauki tabarmarsa ya nufi zaure cikin ruwan. Kunun ya huce a gefen gadon, ba wanda ya tashe ta.